Bishof Herbert Tugwell da Tafiyar Kano ta 1900

Herbert Tugwell bishof ne na Cocin Angilika wanda ya riƙe ragamar aikin cocin a ƙasar da daga baya ta zama Nijeriya, daga 1894 zuwa 1921. Shi ne bishof na farko da ya shiga birnin Kano, ya kuma tsaya gaban Sarki Alu Babba a 1900 yana neman izinin zama, sarkin kuma ya hana. A takarda, yankin da ke ƙarƙashin kulawarsa ya tashi daga gaɓar teku a Legas ya nausa arewa har bakin hamada, wato ya haɗa da ƙasar Kano da garuruwanta na gabas irin su Gaya da Dutse da Birnin Kudu. A zahiri kuwa tafiyarsa a Kano ta tuƙe, kuma sai da aka yi shekara casa'in da shida bayanta kafin Dutse ta sami bishof nata na Angilika.

An haife shi a Ingila a 1854. Ya yi karatu a kwalejin Corpus Christi ta Jami'ar Kambirij, aka keɓe shi limamin coci, ya yi wasu shekaru yana hidima a garin Petworth da ke kudancin Ingila. Daga nan ya shiga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS, aka tura shi Legas. A farkon shekarun 1890 shi ne sakataren ƙungiyar a ƙasar Yarabawa.

Ya iso ne ana cikin rikici mafi zafi da CMS ta taɓa shiga a Afirka ta Yamma. Tun 1864 aikin mishan na kogin Kwara yana hannun Bishof Samuel Ajayi Crowther, Bayarben da aka kama bawa yana yaro, aka 'yanta shi a Saliyo, ya zama baƙar fata na farko da Cocin Angilika ya naɗa bishof. Kusan dukan ma'aikatansa 'yan Afirka ne. A ƙarshen shekarun 1880 wasu samarin Turawa masu zafin addini suka shigo aikin, suka tuhumi ma'aikatan Crowther da sakaci da son abin duniya, suka dakatar da da yawa daga cikinsu. A wani zama da aka yi a Anaca cikin Agustan 1890 aka wulaƙanta dattijon har ya sauka daga shugabancin kwamitin mishan ɗin. Ya rasu ranar ƙarshe ta 1891. Kiristocin Legas da na yankin Neja Delta sun so a gaje shi da ɗan Afirka, amma CMS ta ƙi, ta kawo Bature mai suna Joseph Sidney Hill, ta ba shi mataimaka biyu Yarabawa, Isaac Oluwole da Charles Phillips, waɗanda aka naɗa tare da shi a 1893. Hill bai daɗe da sauka Legas ba zazzaɓi ya kashe shi da matarsa a Janairun 1894. A wannan shekara aka naɗa Tugwell a gurbinsa.

Kujerar da ya hau ke nan tana da tabo, domin mutane da yawa suna ganinta a matsayin kujerar da aka ƙwace wa baƙar fata. Abin da za a yaba masa shi ne haƙurin da ya yi wajen ɗinke ɓaraka. Majami'un Neja Delta, ƙarƙashin Dandeson Crowther ɗan marigayin, sun janye daga ikon CMS tun 1892 suna cin gashin kansu. Tugwell ya bi su da lallami har aka daidaita a 1897, a 1900 kuma aka naɗa James Johnson, fitaccen mai kishin Afirka, mataimakin bishof mai kula da yankin. Duk da haka, a tsawon shekaru ashirin da bakwai na mulkinsa babu ɗan Afirka da ya wuce matsayin mataimaki. Sai a farkon shekarun 1950 aka sake ganin ɗan Nijeriya yana riƙe da dayosis, wato yankin bishof, na kansa.

Abin da ya fara sa sunansa ya cika jaridu shi ne yaƙi da cinikin barasa. A lokacin jiragen ruwa suna sauke akwatunan giya mai ƙarfi daga Jamus da Holan a tashoshin gaɓar teku, har a wasu kasuwannin Neja Delta kwalabar ta zama kuɗin saye da sayarwa. Gwamnatin mulkin mallaka ma da harajin barasar take samun kaso mai tsoka na kuɗin shigarta, don haka ba ta son a taɓa cinikin. A 1899 Tugwell ya rubuta wasiƙa a jaridar The Times ta Landan, inda ya ce shaye-shaye ne ke kashe mafi yawan Turawan da ke mutuwa a gaɓar tekun. Turawan Legas suka fusata, suka kai shi kotu bisa ɓata suna, amma shari'ar ta ƙare ba a same shi da laifi ba. Bai daina ba. Matsin lambarsa da ta abokan tafiyarsa ta sa aka kafa kwamitin bincike a 1909 ƙarƙashin Sir Mackenzie Chalmers, sai dai kwamitin bai goyi bayan 'yan mishan ba. A wannan fage ra'ayinsa ya zo ɗaya da na sarakunan Musulmi, waɗanda su ma ba su son barasa ta hauro Arewa, kuma dokar mulkin mallaka ta hana shigo da ita yankin.

Zuciyarsa dai tana ƙasar Hausa, kuma wannan buri ya girme shi. Tun tafiyar kogin Kwara ta 1841, wadda Crowther ya yi tare da wani Bajamushe mai suna James Frederick Schön, 'yan mishan suka lura cewa duk kasuwar da suka sauka sai sun ji Hausa. Schön ya ƙare rayuwarsa yana nazarin harshen. Ya buga nahawu a 1862 da ƙamus a 1876, da taimakon Dorugu, yaron nan Bahaushe da ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Turai. A 1890 Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson suka zauna a Lokoja suna sa riga da rawani, suna shirin shiga ƙasar Hausa, amma ajali ya tare su: Robinson ya mutu a 1891, Brooke a 1892. Aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila don tunawa da Robinson, ƙungiyar ta tura ɗan'uwansa Charles Henry Robinson, wanda ya isa Kano a ƙarshen 1894, ya koma ya rubuta littafi kan tafiyar, ya kuma haɗa ƙamus.

Daga irin waɗannan rubuce-rubuce wata fahimta ta kafu a zukatan 'yan mishan na Ingila. Sun ɗauka cewa Musuluncin Bahaushe na fatar baki ne, cewa Fulani ne suka ɗora masa shi da takobi, kuma da zarar an sassauta mulkin Fulani Hausawa za su rungumi Linjila, su zama masu kai ta sauran ƙasashen Sudan kamar yadda suke kai goro da baƙi. Wannan kuskure ne babba. Musulunci ya shiga Kano tun zamanin Sarki Yaji a ƙarni na sha huɗu, Shehu Al-Maghili ya zauna a birnin a zamanin Muhammadu Rumfa, kuma makarantun allo da zaurukan ilmi sun cika lunguna ɗaruruwan shekaru kafin jihadin 1804. Tugwell ya gina dukan shirinsa a kan wannan fahimta.

An yi shirin da hankali ta fuskar harshe. Aka tura samari zuwa Tarabulus, inda akwai unguwar Hausawa fatake da alhazai da bayin da aka 'yanta, su koyi Hausa a bakin masu ita. A can Dokta Walter Miller, wani matashin likita da ya yi karatu a asibitin St Bartholomew na Landan, ya haɗu da wani yaro ɗan ƙasar Katsina, Abdulmajid Tafida, wanda daga baya ya zama babban mataimakinsa a aikin fassara. A farkon 1900 ayarin ya tashi daga Legas. Su biyar ne Turawa: Tugwell da Miller, da limamai biyu, Richardson da Dudley Ryder, da wani mai suna Burgin, ga kuma dogon layin 'yan dako. Suka bi ta ƙasar Yarabawa, suka ƙetare Kwara a Jebba, suka yi arewa.

Da wuya a sami lokacin da ya fi wannan rashin dacewa. Ranar 1 ga Janairun 1900 Lugard, jagoran mulkin mallakar Ingila a Arewa, ya ɗaga tutar Ingila a Lokoja ya ce Arewa ta shiga ƙarƙashin kariyar Sarauniya, alhali ikonsa bai wuce bakin kogi ba. Shekara uku kafin nan sojojin kamfanin Royal Niger sun ci Bida da Ilori. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa ta arewa tana ƙone garuruwa, ciki har da Birnin Ƙonni, a cikin shekarar kuma Faransawa suka kama Damagaram. A watan da Tugwell ya isa Kano, Afrilun 1900, Faransawa suka kashe Rabeh, mai mulkin Borno, a Kusuri. Duk wani sarki mai hankali da ya ga Nasara biyar sun doso ƙofar garinsa da kaya niƙi-niƙi, dole ya ɗauke su 'yan leƙen asirin rundunar da ke tafe. Lugard kansa bai so su wuce inda sojojinsa za su iya kare su ba, bishof ɗin kuwa ya wuce.

A Zariya sun sami tarba mai kyau daga Sarki Kwasau. Dalilin a fili yake: Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora ya addabi ƙasar Zazzau da hare-hare, Kwasau kuma yana neman wanda zai jingina da shi. Wannan tarba ta ƙara wa ayarin ƙwarin gwiwa, suka ɗauka haka za a yi musu a gaba.

Kano dabam take. Alu Babba ya hau gadon sarauta ne ta bakin takobi, bayan Basasar da ta ɓarke a 1893 tsakanin ɓangarori biyu na gidan sarautar, Tukurawa da Yusufawa. Yusufawa sun kafa sansaninsu a Takai, kudu maso gabashin birni, dab da ƙasar Dutse, daga wannan shiyya suka tara mayaƙan da suka ci Kano. Sarkin da ya sami mulki ta wannan hanya, wanda kuma ya sha fama da hare-haren Damagaram, ba zai yi wasa da baƙin da ba a san manufarsu ba. Bayan haka, ba shi kaɗai ke da ta cewa ba, domin Kano tana ƙarƙashin Sarkin Musulmi Abdurrahman, kuma ba wa Nasara mazauni a birni irin wannan magana ce da ta shafi Sakkwato. An kai baƙin gaban sarki a gidansa na Fanisau, bayan gari. Suka gabatar da kansu a matsayin malamai da masu magani, suka roƙi a bar su su zauna su koyar, su yi wa marasa lafiya magani. Kamar yadda su da kansu suka ba da labari, sarki ya nuna musu cewa Kano tana da malamanta da Alƙur'aninta, ba ta bukatarsu, ya yanka musu wa'adin kwana uku su tattara nasu ya nasu, ya kuma sa a ba su jakunan da za su kwashe musu kaya zuwa Zariya. Babu wanda ya taɓa lafiyarsu. An sallame su ne da tsari irin na fada, wanda a halin da ake ciki ya nuna dattaku.

Ayarin ya juya kudu ya yada zango a Girku, wani ƙaramin gari a ƙasar Zazzau inda akwai sansanin sojan Ingila. Nan wahala ta same su. Atuni ya kashe Dudley Ryder, ciwo ya sa aka mayar da Richardson gida, daga baya gobara ta cinye masaukinsu da kayansu. Hukuma ta umarce su da su janye, a farkon 1901 suka gangara Loko a bakin Binuwai. Cikin shekara guda, tafiyar da aka yi shekaru ana shiryawa ta watse.

Illar tafiyar ta fi ƙarfin asarar rai da kaya. Ta tabbatar wa Lugard da jami'ansa cewa 'yan mishan na iya jawo musu yaƙin da ba su shirya ba. Bayan an ci Kano a Fabrairun 1903, aka ci Sakkwato a Maris, Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addininsu ba. Magadansa, musamman Girouard da Charles Temple, suka fassara alkawarin da cewa ba za a bar 'yan mishan su yi aiki a masarautun Musulmi ba sai da yardar sarki, yardar da rasdan ne ke isar da ita. Tugwell ya shafe sauran shekarunsa yana jayayya da wannan manufa, yana rubutu zuwa Legas da Landan, ba tare da ya kai ga biyan bukata ba. Gaggawarsa ta 1900 tana cikin abubuwan da suka rufe masa ƙofar da ya fi so ta buɗe. Alu Babba kuwa an kama shi a 1903, aka kai shi zaman gudun hijira, ya rasu a Lokoja a 1926. Kwasau, wanda ya karɓi baƙin hannu bibbiyu, shi ma Turawa sun tuɓe shi.

Ƙofa ɗaya ce ta buɗe, ita ce Zariya. Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila, ya koma Girku, a 1905 kuma Sarki Aliyu ɗan Sidi ya ba shi wuri a cikin birni, a Durumin Maigarke, inda ya buɗe ɗakin magani da makarantar yara. Daga cikin waɗanda suka yi aiki tare da shi a shekarun farko akwai G. P. Bargery, wanda daga baya ya koma ma'aikatar ilmi ya haɗa babban ƙamusun Hausa na 1934 da har yau malamai ke komawa gare shi. Ganin an toshe masarautu, Tugwell ya karkata ƙarfinsa ga wuraren da ba na Musulmi ba da kuma ƙasar Nufe. CMS ta buɗe tasha a Bida a 1903, wasu ɗaliban Kambirij kuma suka fara aiki a Panyam a 1907, sannan a Kabwir, a tsaunukan Filato.

Kiristocin Hausa na farko masu yawa sun fito ne ta hanyar da babu ita cikin lissafin bishof ɗin. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a birni, Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga ba shi wani matsayi na musamman. Aka kashe shi a kasuwar Kano, almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa kan iyakar Ningi, wato tsaunukan da mayaƙansu suka daɗe suna kai hari ƙasashen Birnin Kudu da Dutse. A 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka nemi Miller a Zariya. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, sai ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa ya faɗa musu ya kashe da yawa, waɗanda suka tsira suka dawo Zariya. Daga cikin jikokin wannan jama'a aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Hanya ta biyu da ta kawo Kiristoci Arewa ita ce jirgin ƙasa. Da dogo ya isa Kano a 1911, akawuna da masu sana'a da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas suka cika Sabon Gari, suka gina majami'unsu da kuɗinsu. Ta haka cocin ya sami gindin zama a Kano, a bayan ganuwa, tun Tugwell yana kan kujera.

A Kudu aikin ya bunƙasa ƙwarai a zamaninsa, musamman a ƙasar Ibo, inda makarantu da majami'u suka yaɗu cikin sauri, aka kuma buga Littafi Mai Tsarki cikin harshen a 1913 bisa jagorancin T. J. Dennis. Yankin ya yi wa mutum ɗaya yawa, saboda haka wajen 1920 aka raba shi biyu: Legas ta koma hannun Melville Jones, Tugwell ya riƙe ɓangaren Neja. Ya ajiye aiki a 1921, Bertram Lasbrey ya gaje shi. Ya koma Ingila ya ci gaba da hidima a matsayin limami, ya rasu a 1936. Akwai majami'a a tsibirin Legas da ke ɗauke da sunansa.

Ya rayu har ya ga wasu 'ya'yan itacen da ya dasa. Wajen 1929 aka fitar da mishan ɗin Zariya daga cikin birni zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar St Bartholomew da tubali da azara bisa tsarin ginin Hausa, tare da asibiti da makaranta. A makarantar wannan mishan Dokta Barau Dikko, likitan zamani na farko ɗan Arewa, ya yi karatun farko, a Wusasa kuma Yakubu Gowon ya tashi. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya jagoranta tare da Abdulmajid Tafida da wasu. A shekarun 1930 gwamnati ta sassauta, ta bar 'yan mishan su shiga masarautu ta hanyar kula da kutare. A lardin Kano ƙungiyar mishan ta SIM ce ta ci wannan moriya, ta buɗe tashoshi a wurare irin su Roni da Garun Gabas, waɗanda yau suke cikin Jihar Jigawa, kuma daga aikinta cocin ECWA ya fito.

Tsarin shugabancin Angilika ya biyo baya a hankali. An kafa Dayosis na Arewacin Nijeriya a 1954, John Mort ne bishof na farko. Cocin Nijeriya ya sami 'yancin kansa a 1979, Kano ta zama dayosis a 1980. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991 aka mai da Dutse babban birninta, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa daga sassan ƙasar nan suka ƙaru a garin, ga kuma Kiristoci 'yan ƙasa daga cikin Maguzawan karkara. A 1996 aka kafa Dayosis na Dutse, Yesufu Lumu ya zama bishof na farko, Markus Danbinta ya gaje shi. Dayosis ɗin yana cikin lardin coci na Kaduna, tare da na Kano da Zariya da Wusasa, kuma da Hausa ake sujada a yawancin majami'unsa na ƙauye.